Abin da Tirela Ba Ta Ɗauka Ba

Ni ne mai injin.
Ta Burra muke shiga, kafin ladan ya yi kiran farko,
ni da Jatau mai ɗaukar galan,
da Tanimu mai auna gungume da igiya.
Madobiya muke nema. In babu, maɗaci.
In babu, ƙawo ma kuɗi ne.

A kan gungume ake biyana, ba a kan yini ba,
shi ya sa ban saba ɗaga kai in dubi reshe ba.
Gindi nake kallo: kaurinsa, da inda zai kwanta.

Wata Laraba, bayan ruwan fari,
muka kayar da wani maɗaci
da mutum uku ba sa haɗa hannu a jikinsa.
Minti goma sha ɗaya. Jatau ya duba a waya.
Ya faɗi, ƙasa ta amsa,
jemagu suka watse da rana tsaka
kamar an watsa gawayi sama.

Sai Tanimu ya ce, zo ka gani.
Kogo ne a jikin itacen, an liƙe bakinsa da laka,
an bar 'yar tsaga, iyakar shigar yatsa.
Faɗuwar ta fasa shi.
Cilakowa ce a ciki, mace,
ta zubar da gashinta ta kwanta a kan ƙwai,
tsirara kamar kazar da aka fige,
babu fiffiken gudu.
Ƙwai huɗu, uku sun fashe.
Da bakinta ta toshe wa kanta ƙofa
don ta amince da itacen.

Muna tsaka da yanka sai ga mijin
da fara a baki.
Ya zo daidai inda ƙofar take ɗazu,
ya tsaya a iska yana saran wurin da babu komai.
Ya sauka kan kututture. Ya tashi. Ya komo.
Har muka gama lodi bai haɗiye farar ba.

Na sa ƙwan da ya rage a hulata.
Kafin mu hau titin Ningi ya huce.

Tun ranar nake wani lissafi da ba a biyana a kansa.
Amya tara Baba Maikano ke ɗorawa,
furen madobiya ke cika masa su.
Bana kwalba biyu ya tace, ya hana kowa.
Inna Dudu ta fita neman sassaƙen maɗaci don cikin jikanta,
ta yini a daji, ta dawo ta kemis.
Gidado, da ke sassabe wa shanunsa ganyen ƙawo da rani,
ya kaɗa su kudu, ko sallama babu.
Gwaggon biri ya rasa kanya, ya faɗa wa masararmu,
muka ce ɓarawo ne.
Burtu kuwa, mai buga gangarsa da asuba,
ban san ranar da ya daina ba.
Shirun kawai na tarar.

Tsohona ya taɓa tambayata wa ya shuka dajin nan.
Na ce Allah.
Ya ce ƙwarai, amma 'yan ƙwadagonsa fa?
Tsuntsu, jemage, biri,
su ci ɗiya a nan, su kai ƙwallon can.
To mun rushe wa 'yan ƙwadago ɗaki.
Wa zai yi shukar baɗi?

Kada ka ɗauka na tuba.
Saura wata bakwai in gama biyan injin,
ga Ladiyo da tsohon ciki.
Gobe ma za mu shiga, can gaba da inda muka tsaya,
don na kusa sun ƙare.

Sai dai yanzu, kafin in ja igiya,
nakan zaga itacen, kaina a sama,
ina neman laka a inda laka ba ta da dalilin zama.
Tanimu na dariya, wai na zama malamin daji.

Da dare ƙarar injin ba ta barin kunnena.
Na saba da ita.
Abin da ban saba da shi ba yana ƙarƙashinta:
baki yana ƙwanƙwasa ƙofa
a inda babu itace.